Daga Shariha Zuwa Sharhi

Abin da baƙo yake fara nema idan ya sauka Jidda, tun kafin ya tambayi inda zai kwana, shi ne shariha. Wanda bai taɓa zuwa ba sai ya zaci wani abinci ne. Layin waya ne kawai, ɗan katin nan da bai kai farce ba. Alhazanmu da 'yan Kano-Jidda sun daɗe da mayar da kalmar tasu. Za ka ji Hajiya tana ce wa 'yar'uwarta, "Ke har yanzu ba ki yi shariha ba? To ta ina mutanen gida za su same ki?" Ni a wani ɗan shago kusa da Bab Makka na yi tawa. Yaron shagon ya karɓi fasfo, ya sa na dangwala yatsa a na'ura, sannan ya ɓalle ɗan katin daga jikin uwarsa, ƙas, ya zura mini a waya. Na biya na fita, ban kawo komai a raina game da kalmar ba.

Sai bayan kwana biyu, a gidan wani dattijo ɗan'uwan kakata, wanda kowa ke kira Baba. Yana goye aka taho da shi ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, a zamanin da tafiya Makka take cin shekaru, ana tafe ana noma ana ƙwadago. Sana'arsa tsire, wanda mutanen Hijaz suka ara har da sunan, suna ce masa siriya. Yanzu ƙarfi ya ja baya, jikansa ke riƙe da wuƙa, shi kuma yana kan kujera yana ba da umarni cikin wata Hausa da Larabci ya ratsa ta ko'ina. Sai na ji ya daka wa yaron tsawa: "Sharrih! Sharrih da kyau, kai! Wannan ai gunduwa ce, yaji ba zai shige ta ba."

Na ce, "Baba, me ka ce masa?"

Ya ce, "Cewa na yi ya yanka falle-falle. Kowane falle shariha ne. Kai da aka ce mini malami ne?"

Nan take abin ya faɗo mini. Shariha ta waya da shariha ta nama abu ɗaya ne: ɗan falle da aka yanko daga babba. Daga wannan saiwa Larabawa suka samo tashrihi, ilimin fiɗar jiki da ake koya wa likitoci. Daga ita aka samo buɗe ƙirji, wanda sura guda ta Alƙur'ani take ɗauke da sunansa. Daga ita kuma muka samo sharhi, kalmar da muke ji safe da yamma a rediyo har ta zama tamkar a gidanmu aka haife ta. Ashe mai sharhi mahauci ne. Aikinsa ya shimfiɗa abu mai kauri ya mai da shi siriri har haske ya riƙa ratsa shi, kamar yadda mai kilishi yake ɗaga falle ya duba rana ta cikinsa. Hausa ma da ta tashi yin nata kalaman, mahauta ta nufa: a feɗe biri har wutsiya. In ba mahauta ba, sai wurin masu saƙa, a warware zare da abawa. In kuma a gaban malam ne, sai a yi fashin baƙi, a fasa baƙaƙen nan masu tauri a ga abin da ke cikinsu.

Akwai dalilin da ya sa kalmar ta tsaya mini a wuya. Shekara uku ke nan wani abokina, wanda muka yi makaranta tare, bai amsa sallamata da sakin fuska ba. Laifina shi ne na yi sharhin littafinsa a jarida. Na yaba harshensa, don ya cancanci yabo. Amma na ce ƙarshen labarin a gurguje aka yi shi, na kuma ce matar da ya gina tun farko mai taurin kai ta sauya hali a shafi na 143 ba tare da wani dalili ba, sai don marubucin yana so ya tashi. Tun daga ranar, in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya miƙo mini 'yan yatsu. Wani da ya shiga tsakani ya ce mini, "Ai kai ma ka san ba a haka. In za ka yi sharhi, ka yi irin na ranar ƙaddamarwa."

Na san irin na ranar ƙaddamarwa. A kira farfesa ya hau mumbari, ya faɗi yawan shafuka da yawan babi, ya ce bango ya yi kyau, ya nuna kuskuren ɗab'i biyu don kada a ce bai karanta ba, ya rufe da cewa littafin ya dace da kowane gida. Jama'a suna hamma, don ba shi suka zo ji ba. Larabawa suna kiran sukar adabi naƙad, kalmar da asalinta aikin ɗan canji ne, ya ƙwanƙwasa tsaba ya ware mai kyau da jabu. Kalmar ta iso mana, amma da rabin ma'anarta: nakadan, kamar yadda ake faɗa wajen sadaki. A zauren ƙaddamarwa nakadan ɗin ake jira, a ji nawa babban mai ƙaddamarwa zai sayi kwafi ɗaya. Mafi yawa ma ajalan ne, ajalin da ba ya zuwa.

Da wannan ƙullin a zuciya nake yawo a Balad, tsohon garin Jidda, da wani littafi a jaka da na ɗauko don hanya: The Road to Mecca na Muhammad Asad, wanda ya fito a 1954. Na zauna a inuwar darbejiyar da ke ƙofar Gidan Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, wanda kuma Shehu Muhammad Nasif ya tara dubban littattafai a cikinsa. Shekara biyu bayan saukar sarkin, a 1927, jirgin ruwan alhazai ya sauke Asad a wannan gari, lokacin ganuwa tana tsaye, don sai a 1947 aka rushe ta. Sunansa na yanka Leopold Weiss. An haife shi a 1900 a Lemberg, garin da yau ake kira Lviv a Yukren. Bayahude ne, jikan malamin Yahudawa, ɗan jaridar Frankfurter Zeitung ta Jamus. Ya musulunta a Berlin a 1926. Matarsa Elsa ta rasu a Makka kwanaki kaɗan bayan isarsu. Mahaifinsa da 'yar'uwarsa kuwa 'yan Nazi ne suka hallaka su.

Mu mun fi son ba da labarinsa a matsayin riba: ga wani babba ya bar nasu ya dawo namu. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne guzurin da ya taho da shi. Tun yana yaro aka ɗaukar masa malamai a gida, ya iya Ibrananci da Aramiyanci, ya yi karatun Talmud. Da ya tashi fassara Alƙur'ani zuwa Turanci, aikin da ya fito cikakke a 1980, sai ga ƙasan kowane shafi cike da bayanai, yana kawo Zamakhshari, yana kawo Razi da Ɗabari da Muhammad Abduh, yana auna su, wani lokaci ya saɓa musu duka. An yi masa ca a kan wasu fahimtocinsa, har Rabiɗa ta Makka, wadda ta buga kashin farko a 1964, ta janye hannunta. Ba hukunci na zo yankewa a kan wannan ba. Abin da na gani shi ne hannun mutumin da ya tashi a gaban shafi mai gefe, wanda bai san a karanta nassi a bar shi shi kaɗai ba.

A nan dole in ɗan tsaya, don na san yadda kalmar Bayahude take sauka a kunnenmu. A bakinmu zagi ce. Mai rowa Bayahude, mai makirci Bayahude, yaro ya ƙi raba ƙosai da ƙaninsa a ce ya cika yahudanci. Ga kuma abin da idanunmu suka gani a Gaza, wanda ba mai zuciya da zai gani ya yi barci. Ba zan yi kamar ban san wannan ba. Amma al'ummar da ta shafe sama da shekara dubu biyu tana rubutu ba gwamnati ɗaya ba ce, ba kuma soja ɗaya ba. Mafi yawanmu ba mu taɓa zama da Bayahude ko na minti biyar ba. Kalma muka gada, ba maƙwabci ba. A Jidda ma ba za ka same su a matsayin jama'a mai unguwa da wurin ibada ba. Na Najran, can kudu, sun tashi tun 1949. Abin da ya rage shi ne sawu a cikin kalmomi, kuma sawun yana da yawa. Asabar ɗinmu da Shabbat ɗinsu kalma ɗaya ce. Sadakarmu da tsedaƙarsu haka. Fassara da tafsiri suna da 'yar'uwa a Ibrananci, fesher, sunan da aka ba wasu sharhohi da aka tsinta a kogunan Ƙumran daga 1947. A nan Jidda, ba nisa da inda nake zaune, akwai maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u, har wasu suna cewa daga jadda, wato kaka, garin ya samo suna. Yahudawa ma Hawwa suke ce mata, suna danganta sunan da rayuwa.

Ko ajami ba mu kaɗai muke da shi ba. Yahudawan ƙasashen Musulmi sun yi ƙarnoni suna rubuta Larabci da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci. Sa'adiya Gawon, mutumin Fayyum ta Masar da ya rasu a 942, ya mayar da Attaura Larabci, kuma sunan da aka san aikin da shi shi ne Tafsir. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, da irin wannan ajamin ya rubuta Dalalatul Ha'irin.

Shafin Talmud abin kallo ne ko ga wanda bai iya karanta harafi ɗaya ba. Nassi yana tsakiya, ɗan tsibiri. Ta gefen da ke kusa da ɗinki akwai sharhin Rashi, malamin garin Troyes na Faransa, wanda ya rayu daga 1040 zuwa 1105. Ta gefen waje akwai Tosafot, wato ƙare-ƙare, na jikokinsa da almajiransu, waɗanda sau da yawa aikinsu shi ne su ce kaka bai daidaita a nan ba. Bayansu kuma wasu ƙananan rubuce-rubuce na mutanen wasu ƙarnoni da wasu ƙasashe, kowa ya samu ɗan gurbi ya raɓa. Wani Kirista mai maɗaba'a a Venis, Daniel Bomberg, shi ya buga shi cikakke tsakanin 1520 da 1523, kuma lambobin shafukansa ake bi har gobe. Duk wanda ya yi karatun zaure zai ce ai na san wannan. Littattafan nan masu rawayar takarda, bugun Alƙahira, da ake saya a Kasuwar Kurmi: Muhtasar na Halil, a kansa sharhin Dardir, a kan sharhin kuma hashiyar Dasuƙi. Risala, da Kifayatuɗ Ɗalib, da hashiyar Adawi. Tsakanin layuka kuma ga ɗan siririn rubutun wani almajiri da ya riga mu gidan gaskiya, ya sa ma'anar kalma da Hausa ko Fulatanci don kada ya manta. Hashiya ma ai gefe take nufi, bakin tufa.

Sai dai akwai wani abu da ya wuce sharhin bayani, shi ne ya hana ni tashi daga gindin darbejiyar nan. Wajen 1180 Musa bin Maimun ya kammala Mishne Tora, kundin shari'arsu cikin littattafai 14, aikin shekara goma. Ya tsara shi tsaf, ya cire gardandami, bai kuma faɗi inda ya samo kowane hukunci ba, don yana so mai karatu ya huta. Wani malami a kudancin Faransa, Ibrahim bin Dawud na garin Posquières, wanda ya rasu a 1198, ya karanta ya ce bai yarda ba. Babbar hujjarsa ita ce, in ba ka faɗa mini madogararka ba, ta yaya zan san ko in bi ka ko in bi wanda ya saɓa maka? Ya bi littafin mas'ala bayan mas'ala yana rubuta suka, gajeru, masu kaifi, wasu har da gatse. A wurinmu da an ce hassada ce, almajiran wannan su daina gaisawa da na wancan. Su ma an yi rigima, ba a ce ba a yi ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne abin lura: tun ƙarni na 16 masu maɗaba'a suke buga sukar a shafi ɗaya da littafin. Ba za ka sayi Bin Maimun ba tare da mai sukarsa ba. Sun shekara ɗari biyar suna kwana a ɗaki ɗaya, kuma kowane ɗalibi sai ya saurari duka biyun kafin ya juya shafi.

Abin ya sake faruwa. Yusuf Karo na garin Safad, wanda shi ma ya yi wa Mishne Tora sharhi yana nemo madogaran da aka ce babu, ya fitar da nasa kundin a 1565, ya sa masa suna Shulhan Aruk, wato teburin da aka shirya wa abinci. Musa Isserles na Krakow ta Folan ya duba ya ga an bar al'adun Yahudawan ƙasashensu a waje. Bai rubuta kishiyar littafin ba. Ya bi shi yana cusa gyare-gyarensa, ya kira su Mappa, mayafin teburi. Kamar a ce wani ya kawo akushi, wani ya ce ga faifan rufewa. Haɗuwar biyun ce ta sa littafin ya karɓu gabas da yamma.

Kada mu yi saurin cewa mu ba mu da irin wannan. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya kwafo wasiƙun Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno, mutumin da ya ƙalubalanci hujjar yaƙar Barno, yana cewa mutanenta Musulmi ne kuma saɓo ba kafirci ba ne. Bello ya ba shi amsa iyakar ƙarfinsa, amma bai ɓoye maganarsa ba. Yau duk mai son ya san hujja mafi ƙarfi da aka kafa wa masu jihadi, a littafin Bello zai same ta. Ana tsakiyar yaƙi aka yi wannan, da takobi a hannu. Mu kuwa da ba abin da ya haɗa mu sai labarin soyayya mai shafi 200, mun kasa.

Ko a kusa ma an taɓa yi. A shekarun 1990, lokacin da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu suka cika gari, an yi muhawara mai zafi a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, Ibrahim Sheme ya buɗe fili aka yi ta gwabzawa mako bayan mako. An ji ciwo, amma duk wanda ya bi muhawarar ya fita da ilimi, kuma saboda ita ne duniya ta san akwai wannan adabi. Abin da ya zo daga baya wani iri ne: a 2007 aka tara littattafan Hausa a Kano aka cinna musu wuta a gaban hukuma, aka kuma matsa wa marubuta su kai rubutunsu a tace kafin ya fita. Yahudawa sun san duka biyun. An ƙona Talmud a Faris a 1242, aka sake a Rum a 1553. Shekara guda bayan wannan, malamansu na Italiya suka taru a Ferrara suka yanke cewa kada a buga littafi sai da amincewar malamai uku. Wannan takardar amincewa, haskama, ita ce 'yar'uwar taƙarizin da malamanmu suke rubutawa a farkon littafin almajiri. Tana da amfaninta, amma yabo ne na kafin fita. Ba ta taɓa maye gurbin mai sukar da zai zo bayan an karanta ba, kuma su ba su rikita biyun ba. Mu ne muka haɗe su, muka kira taƙarizi sharhi.

Da daddare na koma wurin Baba na tarar an idar da lisha, an shimfiɗa darduma a soro, shi da wasu tsofaffi huɗu suna jiran wani malami ɗan Maraɗi da yake biya musu Risala duk daren Talata. Kafin ya iso na ba su labarin wata al'ada da wani malamin Yahudawa, Meir Shapiro, ya kawo a 1923: kowa a duniya ya karanta falle ɗaya na Talmud a rana, falle iri ɗaya, ko yana Landan ko yana Bagadaza. Falle 2,711 ne, ana sauka cikin shekara bakwai da kusan wata biyar, a yi gagarumar walima, washegari a koma farko. Baƙo in ya shiga garin da bai san kowa ba, ya san a wane shafi zai tarar da mutanensa.

Baba ya ce, "To mene ne abin mamaki? Mu ma da azumi izu biyu muke yi kullum, daga nan har Agadas."

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma su bibbiyu suke zama suna musu a kan abin da suka karanta. Wanda ba shi da abokin musu, ana ganin karatunsa bai cika ba."

Wani daga cikin tsofaffin ya yi dariya ya nuna na kusa da shi. "In dai wannan ne, ni shekara talatin ke nan da nawa. Ko na ce ruwa jiƙa yake sai ya nemi dalili."

Da malamin ya zo na ga abin da yake nufi. Ana cikin babin tsarki suka kaure a kan wata mas'ala, wannan ya ce haka malaminsa na Zinder ya biya masa, wancan ya ce a sharhi ba haka take ba, aka aiki yaro ya ɗauko Samaruddani. Malam ya bar su suka gaji, sannan ya raba gardama, kuma ba wanda ya ba gaskiya duka. Aka kawo shayi. Wanda aka fi kayarwa shi ya zuba wa abokin musunsa, ya kuma tuna cewa ba ya shan sukari.

A daren ne na tuna kalmar da ta fi duk sauran taɓa ni. A Ibrananci na yau, sharhin littafi bikoret ne. Saiwar kalmar ita ce ta bikur, wato ziyara, kuma mai suka da mai ziyara suna ɗaya suke amsawa, mebaker. Zuwa gaida mara lafiya, bikur holim, babban aiki ne a wurinsu, har ƙungiyoyi suke kafawa da wannan suna a duk garin da suka zauna. Na yi ta juya abin sai na ga ashe Hausa ta riga ta faɗa. Muna duba littafi, muna duba mara lafiya, sunan tafiyar ma dubiya. Likita ma dubawa yake yi. Kalma ɗaya ta ɗauki mai kawo lemo da ayaba, ta ɗauki mai kawo allura.

Matsalar ita ce dubiyarmu tana da amsa ɗaya tak. Ya jiki? Da sauƙi. Ko mutum yana gargara, da sauƙi. Wannan ladabi ne mai kyau a bakin gado, don mara lafiya ba hukunci yake nema a wurinka ba. Amma mun ɗauko shi mun kai wa littafi, kowane littafi da sauƙi, har ya mutu a kanta ba wanda ya faɗi ciwonsa. Masu sharhin ranar ƙaddamarwa 'yan dubiya ne da ba sa son a ce sun zo da baƙin labari.

Ni kuma nawa kuskuren ta ɗaya gefen yake, kuma a soron Baba na gane shi. Abin da na rubuta game da littafin abokina gaskiya ne, har yau ban janye ba. Amma da wuƙa na je, ban je da ƙafa ba. Gidansa bai fi tafiyar minti ashirin daga nawa ba. Ya aiko mini da littafin da sa hannunsa, na karanta, ban taka na je na ce masa ga abin da na gani ba, sai dai ya buɗe jarida ya tarar da kansa a rataye. Ana cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ai mai faɗin haka a kan hanya ɗaya yake da mai kayan, yana ganin inda igiya ta kwance, in ta kama ma ya sa hannu. Tsofaffin nan suna iya kayar da juna a kan mas'ala don gobe ma tabarma ɗaya za su zauna. Ibrahim bin Dawud bai taɓa haɗuwa da Bin Maimun ba, teku ce tsakaninsu, amma jama'arsu ta yi musu tabarmar da takarda. Littattafanmu na yanzu ba su da gefe. Maɗaba'a tana cika shafi har baki don tsadar takarda, ko wurin da mai karatu zai sa alamar tambaya babu. Jaridun da suke ware wa adabi shafi sun ragu. In suka ta fito, ba ta da inda za ta zauna kusa da littafin, sai ta tsaya a waje ita kaɗai kamar bare, shi ya sa take kama da zagi.

Ana gobe zan tashi, na fita bakin teku bayan magariba, inda ake hango ruwan nan mai tsiri sama na Sarki Fahad. Sauran kuɗi kaɗan a sharihata, kuma da na hau jirgi ta zama shara. Na nemo lambar abokina na kira. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce ko don ya ga baƙuwar lamba ce, sai na tura saƙo: ni ne, daga Jidda, na yi maka addu'a a Harami, ina nan tafe da dabino.

Har na koma masauki ba amsa. Ina cikin ɗaure kaya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wayar ta yi ƙara. Ba sallama, ba sannu da ibada. Ya rubuto: "Shafi na 143 kai ne ba ka fahimta ba. Koma shafi na 61 ka ga abin da uwarta ta faɗa mata. In ka dawo ka zo da littafin."

Littafin yana Kano, a kan kanta, kuma na kasa tuna abin da uwar ta ce a shafi na 61. Na fara rubuta masa amsa, sai saƙon kamfani ya shigo da Larabci cewa kuɗina sun ƙare.